La'adar Tukunya

Saƙon murya Safiatu ta turo mini, ina tsaye a kicin da ludayi a hannu. Ba sallama, ba ya gida. Cewa ta yi, "Hamdatu, Allah ya isa tsakanina da ke." Shi ke nan.

Na kira, ba ta ɗauka ba. Na sake kira, wayar ta kai ni wurin baturiyar nan mai cewa a bar saƙo. Safiatu fa, wadda muka taso layi ɗaya a Zangon Kumasi, muka sayar da koko a tasha ɗaya, ita ta riƙe ni ranar da aka kai mijina makwancinsa a ƙasar nan. Ga tsufa, ga hawan jini, ban san ranar da za a kira ni ba, sai in tafi da Allah ya isa a wuya ban ma san laifina ba? Na kashe wutar wake, na yafa mayafi a kan rigar sanyi, na sauka.

Shagon Abdou yana ƙasan benenmu a University Heights. Mutumin Maraɗi ne, yana sayar da gari da manja da busasshen kifi, kuma duk maganar da ta tashi tsakanin Bronx da Staten Island a shagonsa take sauka.

"Hajiya mai tukunya!" in ji shi. "An zama manya, ba a ko tuna da mu."

"Wace tukunya? Abdou, ba wasa ya kawo ni ba."

Ya dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. Ya jawo wayarsa ya latsa, ya miƙo mini. Sai ga ni a ciki, a kicin ɗina, da ɗankwalina mai ruwan goro.

Na tuna ranar. Tahiratu ce, 'yar marigayi Gafaru direban tasi, haifaffiyar nan. Kafin azumi ta zo ta ce tana so ta ɗauki hotona ina dafa wake da shinkafa irin namu, wai don yaran da aka haifa a nan su koya. Ta shigo da kwali, ta buɗe, wata tukunyar lantarki mai ƙyalli. Ta ce, "Anti, kin ga abin da na samu." To me ake cewa in yaro ya nuna maka sabon abu? Na shafa murfin na ce, "Kai, ta yi kyau, Allah ya sa albarka." Na ture ta gefe na yi girkina a tukunyata ta Kumasi mai baƙin gindi.

Amma a bidiyon babu tukunyata. Hannuna ne a kan murfin ta lantarkin, ga sa albarkata, sai wake a faranti yana tururi. Sai muryar Tahiratu da karkatacciyar Hausarta: "Iyaye mata, ku danna link a ƙasa ku sayi irin ta Hajiya."

Abdou ya ce mata sun saya. Ya ce ta Safiatu murfin ne ya yi tsalle, ruwan wake ya wanke mata hannun dama. Ita kuwa aikinta ɗaga wata tsohuwar baturiya daga gado zuwa kujera, yanzu tana zaune a gida.

"Kuma ana cewa ke ma kina ci a ciki."

"Cin me?"

"Bon, haka abin yake. Duk wanda ya danna wurin nan ya saya, kamfani yana yaga wa mai link wani abu."

"La'ada ke nan."

"Ita ce, Hajiya, sai dai ta intanet."

Ni na yi dillancin atamfa a kasuwar Kumasi kafin a haifi uwar Tahiratu. La'ada ba sata ba ce. Amma dillaliya da ɗaurin kayanta a ka take shiga gida, mai saye ta san wadda ke gabanta, ta san in na yabi zane da rabona a ciki, sai ta rage yabon da kanta. Wadda ta ɓoye dillancinta ta zo a siffar 'yar'uwa, wannan sunanta daban.

Na hau sama na ƙwanƙwasa ƙofar su Tahiratu, don benenmu ɗaya. Uwarta ba ta nan, ita ma ba ta nan. Na sauko. Na koma ɗakina na zauna, kujerar ta ƙi ni. Na miƙe na tsaya a taga, jirgin ƙasa ya wuce a kan gadarsa ya girgiza mini kofuna. Na sake sauraron saƙon Safiatu ko zan ji wani abu ya canja a ciki. Bai canja ba.

Da gari ya waye na hau bas zuwa ofishin lauyoyin kyauta da Abdou ya kwatanta mini. Aka ba ni lamba a 'yar takarda, ni da ban yi boko ba, sai na riƙa nuna wa na kusa da ni duk sanda aka kira wani. Har dai aka kai ni wurin wata lauya 'yar Dominika mai gajeren gashi. Ta kira tafinta a waya, wani Bakano mai ladabi kamar zai narke.

Na ce, "Faɗa mata a kamo mini yarinya."

Lauyar ta karɓi wayata ta kalli bidiyon da Abdou ya turo mini har ƙarshe, ta yi ta jan rubutun da ɗan yatsa. Ta yi magana mai tsawo, Bakano ya juya: "Hajiya, ta ce a ƙasar nan wanda yake samun kamasho ta link dole ne ya faɗa. Ba a ɓoye ba, a inda mai saye zai gani ko ya ji tun kafin ya danna, kuma da harshen da aka yi tallar. Ta ce yarinyar ta rubuta, amma can ƙasa, da Turanci, sai an buɗe wani wuri ake gani. Ta ce wannan bai wadatar ba."

Ta nuna mini wurin. Rubutu kamar ƙafar tururuwa. Ko da ya kai girman ƙofa, wace ce a cikinmu za ta karanta?

"To a kamo ta."

Ba haka ake yi ba, wai. Akwai hukumar da ke kula da tallace-tallace, ana aika mata ƙorafi ta tara, amma ba ta zuwa ta raba rigimar mutum biyu. Za a iya rubuta wa yarinyar ta cire fuskata. Maganar hannun Safiatu kuwa daban ce, ta zo da kanta da tukunyar da takardun asibiti, kada ta kuskura ta jefar da ita.

Na ce, "Tambaye ta, a cikin littattafan nan nata akwai wanda ke cire Allah ya isa?"

Bakano ya yi 'yar dariya. "Hajiya, wannan ban san yadda zan sa shi a Turanci ba."

"To ka ci kuɗin banza."

Na fito. Ban koma gida ba, na shiga jirgin ƙasa zuwa Harlem. Na san Tahiratu tana zama a wani shagon kitso a titin 125, ita ke amsa waya tana ba mata lokaci. A jirgin akwai wurin zama, na ƙi zama. Na wuce masu turare da masu hula a bakin titi, wani ɗan Nijar ya gaishe ni, ban ma san me na amsa ba.

Tana ganina ta taso. "Anti! Sannu da zuwa, me ya faru?"

Na ce, "Nawa kika sayar da ni?"

Masu kitso suka tsayar da hannu. Wata 'yar Senegal ta rage rediyo don kada ta rasa komai.

"Anti, please, mu fita waje."

"A waje kika yi tallata? A cikin wayar kowa kika sa ni. Na taɓa girki da tukunyar nan?"

"A'a, amma ai kin ce ta yi kyau."

"Ranar sunanki ma na ce kin yi kyau, ga ki kuwa kamar ɗan ɓera."

Wata ta fashe da dariya ta toshe baki. Tahiratu ta juya zuwa Turanci kamar yadda suke yi in abu ya kai musu wuya, ta dawo Hausa. Wai ta rubuta, wai kowa haka yake yi, wai kamfanin ne ya aiko mata da tukunyar kyauta, ita ma ba ta gwada ba. Sai na gaya mata maganar hannun Safiatu. Ashe ba ta sani ba. Ta dafa tebur ta zauna, idonta ya kawo ruwa. Ban ji daɗin hawayen ba, ban kuma ji tausayi ba, sauri nake.

"Zan goge bidiyon yanzu," in ji ta.

"Ki goge a waya, wa zai goge a bakin mata? Ɗauko jakarki."

"Anti, ina aiki."

'Yar Senegal ta ce da ita wani abu da Turanci tana nuna ƙofa. Ta ɗauko jakar.

Jirgin ƙasa har ƙarshen Manhattan, sai jirgin ruwa zuwa Staten Island, wurin Safiatu. Iska tana dukan gilashi, baƙi masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoton gunkin nan mai riƙe da wuta. Ni ina ta kai da kawo tsakanin kujeru. Tahiratu ta tambaye ni me za ta ce in mun je. Na ce abin da ya kamata ta faɗa tun a farkon bidiyon, da bakinta, da Hausa.

"Hausata ba ta da kyau."

"Da za ki ce a danna ai ta yi kyau."

Gidan Safiatu a Tompkinsville yake, hawa na biyu, saman wani shagon wanki. Na buga. Ta buɗe ƙofar iya tsawon sarƙa. Kanta ba ɗankwali, furfura a waje, hannun dama a naɗe da farin ƙyalle har gwiwar hannu. Tunda muke ban taɓa ganin Safiatu ta buɗe ƙofa kai a sake ba.

"Me kika zo yi? Ko wata tukunyar kika kawo?"

Na turo Tahiratu gaba. Ta durƙusa a kan tabarmar ƙofa. "Anti Safiatu, ni ce. Kamfani yana ba ni la'ada in an saya. Ban faɗa ba yadda za ku ji. Anti Hamdatu ba ta samu komai ba, ba ta ma taɓa dafa abinci a ciki ba. Ni na yanke hoton."

Safiatu ta kalle ta, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Amma ke da bakinki kika sa mata albarka. Don na ji muryarki na saya."

"Da kika sayi takalmin nan mai kama da kwalekwale ban sa albarka ba? Da ɗanki ya kawo matar nan mai dafa shinkafa kamar tsakuwa fa?"

"Bar surukata a wajen maganar nan."

"To janye Allah ya isan nan."

Ta rufe ƙofar. Sai ƙarar sarƙa, ƙofar ta buɗe gaba ɗaya.

Tukunyar tana ƙasan tebur, murfin a karkace. Na gaya mata abin da lauya ta ce, kada ta jefar. Tahiratu ta zauna a bakin kujera tana ɗaukar saƙon murya zuwa zauren matanmu na WhatsApp, ta yi ta goge, ta sake, don kalmar la'ada tana maƙale mata a harshe. Ba wadda ta taimake ta.

"Safiatu, janye."

"Kin cika gaggawa tun muna yara. Ɗaura mini ɗankwali tukuna, hannu ɗaya ba ya ɗauri."

Na ɗauko shi a kan gado, na tsaya a bayanta na ɗaura. Ta ce ya yi tsauri. Na sassauta. Ta ce yanzu kuma zai faɗi. Na ce ta je masu tukunya su ɗaura mata.

"To na janye," in ji ta, ƙasa-ƙasa. "Ta koma kan wanda ya ƙera murfin nan."

"A'a. Yadda kika aiko ta, haka za ki aiko da janyewar."

Ta harare ni. Ta lalubo wayarta da hannun hagu, ta danna da kyar, ta kai bakinta. "Hamdatu, na janye. Mu yafi juna. Ki zo mini da wake gobe, a tukunyarki."

Na zauna, jakata ta yi ƙara a kan cinyata. Na ciro wayar na saurara har ƙarshe, tana zaune kusa da ni, sannan na cire takalmina.