Muryar da Kamfani Bai Saya Ba

Kun yi rawa da waƙar a bikin yayyenku, kun rera ta a motar haya har direba ya ƙara sauti, amma babu ɗayanku da ya taɓa tambayar aljihun wa take cikawa. Kun sha ganin mai waƙar yana jiran mota cikin rana, kuka kau da kai. To, ga shi nan yau a ƙofar situdiyo, 'yarsa ta miƙo masa waya.

"Sun sauke ta, Baba. Wai faifan kamfani muka ɗora."

Zaƙi, kamar yadda masoyansa ke kiransa tun yana saurayi, ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. Jiya aka saki waƙar a intanet, bayan ya sake rera ta. Lauya ya faɗa masa cewa tsohon faifan ya zama na kamfani har abada, tunda ya sa hannu da ƙuruciya, amma baitocin nasa ne; in ya sake rerawa, sabon faifan nasa ne. Mai shirya wasanni kuma ya ce ba zai kama zauren wasa ko ɗaya ba sai sabuwar ta fita, mutane sun ji cewa tsohon na nan da ƙarfinsa.

Suka shiga ɗakin mai soso a bango. Dogo, makaɗinsa, na zaune a kan lasifika yana ɗaure ganga. Mai situdiyon ya miƙe yana sosa ƙeya.

"Baba, gyaran ne ya yi yawa. Kai ka ce in dawo maka da muryarka ta da. Na goge kaushin, na ɗaga inda ta faɗi, na yi ta gwada ta da tsohon faifai har suka zama ɗaya. Na'urar da ke gadin waƙoƙi a intanet ta saurara, ta ce wannan ai kayan kamfani ne."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya. "Ka ji! Mutum ya shiga gidansa sata, maigadi ya kama shi."

Zaƙi ya harare shi. "Rufe mana baki, tsohon banza. Kai da hannunka ke rawa tun kafin ka taɓa ganga."

"Yana rawa, amma nawa ne. Ba wanda ya sauke shi."

Ba wanda ya ƙara dariya. 'Yar ta ce ana iya kai ƙorafi, sai dai kafin a amsa, mai shirya wasannin ya ba wani zaurukan. Ga kiransa ma yana shigowa. Ta kife wayar.

"Akwai ɗaukar farko," in ji mai situdiyo a hankali. "Wadda ka ce in goge. Ban goge ba."

Ya kunna. Kiɗa ya tashi, muryar ta biyo shi, mai kauri, tana jan ƙafa. Da ta iso wurin nan da kowa ke jira, inda a da take tashi sama ta tsaya cak, sai ta tsage gida biyu. Aka ji numfashi yana fita da ƙyar. Zaƙi ya runtse ido. Shekaru ke nan yana ɓoye wurin nan, yana barin 'yan amshi su rufe masa asiri.

"Wannan ma za su ce tasu ce?" in ji shi.

"Wannan kam ko na'ura ba za ta ruɗe ba," in ji mai situdiyo.

"Baba, za su yi maka dariya," 'yar ta ce. "Ka san bakin mutanen waya."

 Zaƙi ya gyara wuyan rigarsa, ya zauna kusa da Dogo.

"Saurayin suka saya. Tsohon ba su taya ba. Ɗora ta yadda take, numfashin ma kar a cire. Ke kuma ɗauke ni, in yi wa mutanena magana."

Ta ɗaga wayar. Ya buɗe baki zai yi sallama, muryar ta maƙale. Ya yi gyaran murya, ya sake farawa.

Yanzu waƙar biyu ce a wayarku. Mai zaƙin ta kamfani ce, tsagaggiyar tasa ce, kuma mai shirya wasanni yana kallon wadda za ku taɓa. Ku kunna tsagaggiyar, ku bar ta ta kai ƙarshe.