Metal Na Huɗu

"Kar ka juya shi! Na ce maka kar ka juya!"

Rune ya janye hannu daga karanshaf, sandar ƙarfen da ke juyawa a cikin injin mota, kamar ya taɓa garwashi. Shekara talatin da takwas ya yi yana raba wasiƙu a garin nan, ko karnukan mutane ba su yi masa hayaniyar da yake sha a kwanakin nan ba. Mai tsawar kuwa ko kofin kofi ba ya iya riƙewa bai zubar ba.

Sixten ke nan, maƙwabcinsa, tsohon makanike, zaune a kujerar da suka jawo daga falo zuwa gareji, bargo a gwiwa. Ciwon daji ya cinye masa huhu, likita ta ce makonni suka rage. Shi kuwa abu ɗaya ya sa a gaba: ya ji injin tsohuwar motarsa ƙirar 1964 ya tashi kafin ta Allah ta kasance. Hannu ya ƙi, ido ya dushe, sai ya ari na Rune, wanda ko tayar keke bai taɓa liƙewa ba.

Aikin ranar awon tazara ne tsakanin karanshaf da metal, wato 'yan kwanukan ƙarfen da yake juyawa a cikinsu. A goge mai tas, a yanko ɗan jan zaren roba siriri, a kwantar a wuyan karanshaf, a kifa metal da murfinsa, a ɗaure daidai ƙima, a kwance. Zaren zai baje, sai a gwada faɗinsa da layukan da ke jikin takardarsa. In ya baje sosai, lafiya lau. In ya tsaya siriri, lambar ta hau, ƙarfe ya ci ke nan.

"Metal na uku nawa?" in ji Sixten.

"Biyar."

"Madalla. Ashe dai ka iya karatu, na zaci sunan titi kawai ka sani. Ka ji, duk wanda ya wuce bakwai, sai an kai karanshaf ɗin birni an yanka."

"Kwana nawa suke yi?"

"Mako uku, in sun ga dama."

Rune ya kwance murfi na huɗu. Zaren ya ɗan baje kawai, kamar ba a matsa shi ba. Ya kara takardar: sha ɗaya. Ya goge tabarau, ya sake karawa, sha ɗayan dai. A bayansa tari ya turnuƙe Sixten, irin wanda sai ya riƙe hannun kujera.

"To? Ka haɗiye harshenka ne?"

"Shida."

"Shida." Sixten ya jingina da baya. "Kankare zaren da farce, ban da wuƙa. Sa mai. Mu je na biyar."

Kwana tara suka yi suna haɗa injin. Ylva, 'yar Sixten, takan shigo da fulas da burodin kirfa ƙarfe goma, ta yi faɗa a kan sanyi, ta fita. Rune ya rame ya fi mara lafiyar. Bai saba da ƙarya ba, ga shi kullum sai ya ƙara ɗaure wani abu a kanta.

Ranar Talata da hantsi suka wangale ƙofar gareji. Ganyen bishiyoyi duk ya zube a tsakar gida. Rune ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu, a na uku ya kama. Hayaƙi ya tashi, Ylva ta rufe baki da hannu tana dariya da hawaye.

"Baba, ka ji?"

"Ina ji. Ku bari ya yi zafi. Rune, miƙo min dogon sukudireba."

Suka tallafe shi zuwa gaban motar. Ya ɗora bakin sukudireban a jikin injin, can ƙasa, ya manna kunne a ƙotar, ya rufe ido. Ya matsa gaba kaɗan, ya sake matsawa. Sannan ya tsaya wuri ɗaya, ya daɗe.

"Na huɗu," ya ce, bai buɗe ido ba. "Nawa ne?"

Rune ya ji kunya ta rufe shi har wuya. "Sha ɗaya."

"Sha ɗaya! Kai, amma kai ɗan banza ne. Shekara sittin ban taɓa rufe inji a kan ƙarya ba."

"Ni wallahi ban ji komai ba."

"Ina za ka ji, kunnen akwatin wasiƙa gare ka."

"In kashe?"

Sixten ya buɗe ido ya harare shi. "Taɓa makullin nan ka gani." Ya mayar da kunnensa kan ƙotar. Haka ya tsaya, su biyu suna riƙe da shi, har ƙafafunsa suka gaza.

Ranar Juma'a da safe ya cika, a gadonsa, Ylva na kusa. Jana'iza sai bayan mako uku, kamar yadda aka saba a ƙasarsu.

Ylva ta ce Rune ya zo coci da motar. Ya ce ba zai iya ba, ta ajiye masa makulli a kan tebur ta tafi. Ya sa baƙar kwat, ya fito da motar a hankali, a giya ta biyu, duk da sanyi gilashi a sauke. Ya wuce shagon burodi, ya haye gada, injin na tafiya sumul a kunnensa.

A hawan da ke kaiwa coci ne ya ɗan taka totur, sai ya ji shi, metal na huɗu. Can ƙasa, a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ya gangara gefen hanya ya tsaya, hannu biyu a sitiyari. A sama mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya, an fara kaɗa ƙararrawa, shi kuwa bai kashe injin ba.