Babban Yatsan Gulbahar

Tahsin Afandi, mai buga wa mutane takardun koke a gindin katangar kotu, shi ne ya mayar da Gulbahar Balarabiya da rana tsaka, ko tambayarta bai yi ba. Birnin Kirkuk duka ya ji, shi ne. Abin da ya kai ta gabansa ranar Litinin ke nan, sanye da abayarta ta zuwa biki, takardar kwamitin unguwa dunƙule a hannunta.

Yana nan inda ta bar shi shekara goma sha ɗaya baya: teburin nan mai gurguwar ƙafa, laimar nan, tafiretar nan da ta girme shi. Haƙoransa ne kawai suka ragu.

"Lale da Gulbahar Hatun! Yau kuma wa za mu kai ƙara?"

"Kai."

Ya yi dariya, ya tura mata kujera. Ba ta zauna ba, ta dai shimfiɗa masa takardar. Ba ta iya karatu ba, amma mai kantin magani ya karanta mata sau uku har ta haddace. Kwamiti yana ƙidayar gidajen baƙi, wato Larabawan da tsohuwar gwamnati ta kwaso daga kudu ta zuba a unguwannin Kurdawa da Turkumawan da ta kora, don a mayar wa masu gida gidajensu. Sunanta na cikinsu. Ranar Alhamis ta kawo shaida, ko ta fara ɗaure kaya.

"Ni ce baƙuwa, Afandi? Ni da aka binne cibiyata a gindin tsohuwar ganuwa? Kudun ma ta ina ake bi?"

Tahsin ya cire tabarau yana gogewa, ya daɗe yana gogewa.

Shekarar da mijinta Shaukat ya rasu ne ta zo nan don a mayar da gidan sunanta. Ya buga takardu, ya kama babban yatsanta ya dangwala a tawada, ya danna wuri uku. Ita a zatonta duka na gida ne. Ashe ta tsakiyar ita ce wadda ake kira gyaran ƙabila, inda mutum yake cewa iyayensa sun yi kuskure, shi asalinsa Balarabe ne.

"'Yar'uwa, zauna mana, mutane na kallo," in ji shi. "A lokacin ba a rubuta gida da sunan Baturkume ko Bakurde, ke ma kin sani. Da na buga gaskiya, yau ba ki da gidan da za a ƙwace. Kin manta Nasrin?"

Ina za ta manta. Nasrin Bakurdiya ce, katanga ɗaya ta raba su. Ita an karanta mata irin wannan takarda, ta tofa wa takardar yawu. Kwana tara babbar mota ta zo kwashe ta da iyalinta. Gulbahar ta miƙa mata burodi mai zafi ta bayan motar, ta koma gida tana gode wa Allah da ya tsallakar da ita, ba ta taɓa tambayar kanta dalili ba. Wannan rashin tambayar shi yake cin ta yanzu.

Gidan Nasrin kuwa aka ba wa Ummu Kazim, wata Balarabiya daga yankin fadamun kudu, da 'ya'ya shida da tukunya ɗaya. Shekara biyu Gulbahar ba ta amsa sallamarta. Sai da ciwon ƙugu ya kwantar da ita wata huɗu, matar ta riƙa shigowa tana yi mata wanka tana mita da wani Larabci mai kauri, sannan suka fara aron gishiri. Yanzu Nasrin ta dawo, tana zaune da jikokinta a ƙarƙashin benayen filin ƙwallo tana jiran gidanta. Ummu Kazim tana kuka tana cewa 'ya'yanta ba su san wani gari ba. Ita Gulbahar ba ta san wadda za ta ba gaskiya ba, duka biyun ta ci abincinsu.

"Jiya na haɗu da Nasrin a kasuwa," ta ce. "Na buɗe hannu zan rungume ta, sai ta ce, 'Ashe ke sayarwa kika yi. Mu muna kwana a tanti, ke kina kwana a sunan aro.' Gaban mai tumatir ta faɗa min, Afandi."

"To kawo in gyara. Abu mai sauƙi." Ya zura sabuwar takarda a tafireta. "Me zan sa? Gurbin ƙabila ɗaya ne tak."

Ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ubanta Baturkume ne, maƙerin tagulla. Uwarta Bakurdiya ce daga ƙauyen da yanzu ko bango babu. Wace za ta bari a waje?

"Ciniki da Turkumanci nake yi," ta ce a hankali. "In raina ya ɓaci da Kurdanci nake zagi, don ya fi shiga. Salla da Larabci. Buga haka."

"Gurbin ba zai ɗauka ba, Hatun."

"To wane ɗan banza ne ya auna gurbin?"

Mai shayin da ke gefe ya tuntsire da dariya. Tahsin bai yi ba. Ya jawo kushin tawada ya tura gabanta kamar yadda ya saba. Gulbahar ta kalli kushin, ta kalli yatsanta, ta mayar da hannun cikin abaya.

"Wannan yatsa ya gama aiki. Sau ɗaya na ba ka shi ka sayar da ubana. Bakinka nake so, ba injinka ba. Ka zo ka gaya musu ban sani ba."

Ya sauke murya. "In na buɗe baki a kan naki, rabin unguwa zai biyo ni. Kin san nawa na buga? Har tawa takardar na buga, ni kaina a takarda Balarabe ne. Da yawa da idonsu a buɗe suka danna, suna kuka suna gode min. Yanzu kowa zai ce bai sani ba."

Wannan ta ji ta, kuma ba ta ƙaryata shi ba. Wataƙila da ya tambaye ta a ranar, ga takaba ga marayu uku, da ta danna. Wataƙila da ta tofa yawu irin na Nasrin. Ba za ta taɓa sani ba, don shi ya zaɓa mata.

"Waɗanda suka sani su ji da kansu," ta ce. "Ni ba ka karanta min ba. Ka taimake ni ko ka cuce ni, Allah ya sani, amma ba ka tambaye ni ba."

Ta ɗauke takardarta ta ninke, sannan ta sa hannu ta ɗauke kushin tawadar ma ta jefa a jaka.

"Alhamis, bayan azahar, a makarantar unguwa. Nasrin za ta zo, Ummu Kazim ma za ta zo, ni na gayyace su. Ka tsaya gabansu da gaban kwamiti ka faɗi wanda ya karanta, da wanda ya buga, da wanda ya kama hannun wata ya danna. In ba ka zo ba zan kawo su nan gindin laimarka. Tahsin ɗan Izzat, sai ka amsa."