Gayyar Jan Gida

Asabar ɗin ƙarshe ta watan Maris ta waye da rana marar ƙarfi da iskar arewa, irin wadda tsofaffin tsibirin kan shinshina su ce ruwan sama yana tafe kafin duhu. Kaka ta yi nisa. An gama tonon dankali, tuffa tana faɗowa da kanta a bayan gidaje. Gidan Doña Edelmira kuwa yana zaune a kan wasu dogayen gungume biyu kamar matafiyin da ya sa takalmi. An cire tagoginsa, an fitar da murhun ƙarfe, an tokare bangayen katakon da sanduna daga ciki.

Bara teku ta cinye shingen lambu, bana ta iso matakalar ƙofa. Kowa ya san in damina ta tarar da gidan a nan, ba zai ga ƙarshenta ba. Sabon filin yana can tudu kusa da coci, hanya kuma ɗaya ce: a ja gidan ta kan rairayin gaɓa lokacin da ruwa ya janye, a haura da shi gangaren coci kafin ruwan ya dawo.

Erwin, ɗan Doña Edelmira, tun asuba ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Ya duba sarƙoƙi, ya leƙa teku, ya dawo ya sake duba sarƙoƙin. Jakarsa a ɗaure take tun makon jiya. Wani abokinsa ya samo masa gurbi a jirgin kamun ƙaguwa da zai tashi zuwa kudu ranar Litinin, shi kuma ya yi wa uwarsa alkawarin ba zai tafi ba sai ya ga gidanta a kan tudu.

"Duk ka je ƙofofin da na lissafa maka?" in ji ta, tana ɗaura ɗankwali.

"Kowa ya ji, Mama."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

"Na ce kowa ya ji."

Gaskiyar maganar ita ce, ya je gidajen kusa. Amma roƙon gayya a tsibirin nan ba abu ne na tsaye ba. Sai ka ƙwanƙwasa, ka cire hula, a zaunar da kai gefen murhu, a zagaya da ƙoƙon mate, wannan ganyen mai ɗaci da ake zuƙa ta bututun ƙarfe, a tambaye ka lafiyar tumaki da gwiwar tsohuwa, kafin wani ya ce me ke tafe da kai. Gida uku suka cinye masa yini guda. Washegari ya zauna a kan shinge, ya rubuta saƙo ɗaya a waya, ya tura wa duk sauran.

Jama'a sun zo, ba laifi. Tun hantsi gaɓar ta cika. Mata sun haura sabon filin inda aka haƙa ramin kuranto, abincin da ake dafawa a cikin ƙasa, suna jera kayan teku masu ɓawo da kaji da wainar dankali a kan jajayen duwatsu, suna rufewa da manyan ganye. Yara suna shiga gidan ta ƙofa suna fita ta gurbin taga. Ana zagayawa da tulun ruwan tuffa sabon matsa. Baldo, makaɗin ƙauyen, ya haye kan rufin da akodiyonsa, akwatin kiɗan nan da ake ja ana matsewa, ya ce shi daga nan ba zai sauka ba sai a bakin coci.

"Sauko, tulu!" wani ya ɗaga murya. "Kai kaɗai karkiyar shanu guda za ka ci!"

"Ni ne nauyin da ke daidaita jirgin," in ji Baldo. "In na sauka gidan kifewa zai yi."

Erwin bai yi dariya ba. Idonsa yana kan hanya. Karkiya biyar ta bijimai ta iso, gidan kuwa yana son tara. Sauran huɗun na mutum ɗaya ne: Don Arístides, aminin marigayi mahaifinsa, wanda bijimansa suka fi na kowa ƙirji, kuma muryarsa ce ke ba da umarni a duk jan gidan da aka yi tun kafin a haifi Erwin.

Can sai ga shi yana gangarowa. Shi kaɗai. Yana sanye da mayafin ulunsa na zuwa coci, da baƙar malfa, da takalman da suka sha goga. Ya gaisa da kowa hannu da hannu, ya sami wani kifaffen kwalekwale ya zauna, ya zaro tuffa da 'yar wuƙa daga aljihu.

"Kawu, ina shanun?"

"Suna gida. Lafiyarsu ƙalau, sun ce a gaishe ka."

"Ba ka ga saƙona ba?"

"Jikata ta karanta mini. 'Akwai jan gida ranar Asabar, kowa ya zo.'" Ya yanki tuffa ya kai baki. "To, ga kowa ya zo. Su shanu ba su da waya."

Dariya ta ɓarke har kan rufi. Erwin ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Bai yarda ya dubi inda uwarsa take tsaye ba.

"Za mu ja da abin da muke da shi," ya ce. "Ruwa ba zai jira mu ba."

Shi da kansa ya ba da umarni. Aka ɗaura sarƙoƙi a kan gungumen, uku a dama, biyu a hagu, maza suka sa kafaɗa ta ɓangaren da ya gaza. Ya ɗaga hannu ya ƙwala ihu, masu shanu suka amsa, gidan ya yi wata ƙara kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya motsa. Mata suka yi guɗa, Baldo ya saki kiɗa, yara suka bi da gudu, karnuka na haushi. Gida yana tafiya a kan rairayi, yana ɗan karkata hagu kamar mai ɗingishi, amma yana tafiya. Erwin yana gaba yana ja da baya, yana ihu har muryarsa ta dushe. Ya saci kallon kwalekwalen nan. Tsohon yana ɓare tuffa ta biyu.

A tsakiyar hanya akwai wani ɗan rafi da ke ratsa gaɓar ya faɗa teku. Yashin wurin taushi ne da shi. Don Arístides kan sa a shimfiɗa rassa kafin a iso, a kuma shige da gudu ba tsayawa. Erwin ya san haka sarai, amma shimfiɗa rassa zai ci lokaci. Gungumen hagu ya nutse. Shanu suka yunƙura, suka durƙusa, suka sake yunƙurawa, sai sarƙa ɗaya ta tsinke da ƙara kamar bindiga. Kiɗa ya tsaya.

Aka haƙa, aka cusa duwatsu, mata suka sauko daga tudu suka sa hannu. Gidan ko gezau. Da Erwin ya ɗaga kai don share gumi, sai ya ga duwatsun da yara ke tsalle a kansu ɗazu sun ɓace. Ruwa ya juyo.

Ya ruga wurin kwalekwalen.

"Kawu, don Allah."

"A nan?" Tsohon ya dubi yashin da ke ƙarƙashin takalmansa. "A kan rairayi, kamar mai tayin kifi? Ubanka, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa takowa gidana cikin ruwan sama don karkiya ɗaya tak. Gidan nawa yana nan inda ya bar shi. Ƙofar ma ba a cire ba."

Ya ninke wuƙarsa, ya miƙe, ya kama hanyar tudu da tafiyar mai dawowa daga coci. Erwin ya tsaya yana huci. Uwarsa ta zo ta gefensa, zanenta jiƙe har gwiwa.

"Bi shi," ta ce a hankali. "Ka cire hula. Kuma kada ka ce uffan sai an tambaye ka."

Bai taɓa sanin mutum zai iya tafiya a hankali haka ba. Tsohon ya tsaya ya gyara wata sandar shinge. Ya tsaya ya dubi gonar wani ya girgiza kai. Erwin yana biye, in ya matso ya ja baya, yana waiwayen teku. Da suka isa, Don Arístides ya shige gida ya rufo ƙofa a fuskarsa.

Erwin ya cire hula, ya ƙwanƙwasa.

Doña Zulema, matar gidan, ta buɗe tana tafa hannu kamar ta shekara ba ta gan shi ba. "A'a! Erwin ɗin Edelmira! Yau wace rana? Shigo, shigo, ka sha iska. Arístides, ka yi baƙo!"

Aka zaunar da shi a benci gefen murhu. Aka ɗora buta. Tagar ɗakin tana kallon gaɓa, kuma daga inda yake zaune yana hango komai: gidan uwarsa ɗan ƙarami kamar akwatin ashana, mutane kewaye da shi kamar tururuwa, da farin layin kumfa yana rarrafowa.

"Yaya dankalinku na bana?" in ji Don Arístides.

"Ya yi kyau, Kawu."

"Jan ko baƙin?"

"Duka."

"Namu baƙin tsutsa ta taɓa shi. Ko ba haka ba, Zulema?"

Suka yi musu a kan tsutsa. Buta ta tafasa. Tsohon ya zuba, ya zuƙe ƙoƙon farko da kansa, ya sake cikawa ya miƙo. Erwin ya zuƙa da ƙarfi don ya gama, ruwan ya ƙone masa harshe har idonsa ya kawo ƙwalla.

"A hankali, ɗana, ba gudu zai yi ba," in ji Doña Zulema. "Ƙafar nan taka kuwa, ƙuma ne a wandon?"

Sai a lokacin ya lura diddigensa yana buga daɓe kamar mai ɗinki da keke. Ya dafe gwiwar da hannu. A taga, kumfa ta taɓa gungumen. An kwance shanu ana fitar da su. Baldo ya sauka daga rufi.

Ƙoƙon ya sake zagayowa. Wannan karon ya riƙe shi da hannu biyu, ya bar kallon tagar, don kallon ba ya rage ruwa. Ya zuƙa a hankali har bututun ya yi ƙara. Da ɗakin ya yi tsit, sai ya jiyo wani sauti ta ƙofar baya, wadda iska ta ɗan tura: ƙarar sarƙa, da hucin manyan dabbobi. Ya karkata kai. Bijimai takwas ne a tsaye a bayan gida, a cikin karkiyarsu, sarƙoƙi a naɗe, ga damin rassa an ɗaure. 'Ya'yan tsohon suna zaune a kan shinge da tsinkunan kora a hannu. Kashin da ya taru a ƙarƙashin shanun ya nuna tun safe suke nan.

Wani abu ya taso masa. Bai san ko fushi ba ne ko kunya.

"To, ɗana," in ji Don Arístides, yana ajiye ƙoƙon. "Me ke tafe da kai?"

Erwin ya miƙe tsaye, hula a ƙirji.

"Roƙo na zo yi, Kawu. Uwata tana roƙon yini ɗaya, da hannunka, da muryarka, da shanunka."

"Ikon Allah! Shi ne ka zauna kana ta shan mate, ruwa na cin gidan mutane?" Ya ture benci ya leƙa ƙofar baya. "Kai, ku tashi!"

Tsohon da ya hau tudu kamar hawainiya, a guje ya sauko shi. Sun tarar da ruwa ya kai cinya, yana shiga ta ƙofar gaba yana fita ta baya. An fara yayyafi. Don Arístides ya faɗa cikin teku da mayafinsa na coci, yana nuna inda za a danna rassa, yana zagin kowa da sunan kakansa. Aka jera karkiya tara, ruwa yana dukan ƙirjin shanu. Erwin ya nutsa har wuya ya ɗaura sarƙar hagu da hannunsa. Sannan tsohon ya cire malfa, ya ɗaga ta sama, ya saki wata murya da ta tashi tsuntsaye daga hasumiyar coci.

Gidan ya fito daga yashi kamar haƙori. Amma ɗakin girkin da mahaifin Erwin ya liƙa masa ta baya bai biyo ba. Ya ɓalle, ya juya sau ɗaya a kan ruwa, ya kama hanyar tsibirin da ke tsallake. Doña Edelmira ta bi shi da ido, ta juya ta sa kafaɗa tare da sauran mata.

A bakin coci aka sauke gidan, ruwan sama na zuba. Aka buɗe ramin kuranto, tururi ya turnuƙe, aka ci da hannu a tsaye. Baldo ya shiga ɗakin da babu taga ya saki kiɗa, aka taka rawa a kan jiƙaƙƙen daɓe, ciyawar teku na manne wa mutane a ƙafa.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci, Erwin yana mayar da tagogi, jakarsa tana jingine a bakin ƙofa, sai aka ƙwanƙwasa. Don Arístides ne, malfa a hannu. Doña Edelmira ta tafa hannu, ta zaunar da shi gefen murhun da aka ɗora a kan duwatsu, ta ɗora buta. Aka yi zancen tsutsa. Ƙoƙo ya zagaya. Sai da ta ga dama sannan ta tambaye shi abin da ke tafe da shi.

"Roƙo na zo yi. Tuffata tana ruɓewa a ƙasa. Gobe Litinin nake gayyar dakan ta don a matse ruwan, ina roƙon yini ɗaya da hannun ɗanki."

Ba ta dubi Erwin ba. Tsohon ma bai dube shi ba, murhu yake kallo. Diddigen Erwin ya fara buga daɓe. Ya dubi jakar, ya dubi malfar da ke kan gwiwar tsohon, wadda gishirin teku ya yi wa farin zobe. Ya dafe gwiwarsa.

"Da wane lokaci, Kawu?"

Da mutanen ƙauyen suka zo lissafin abin da gayyar ta ci, ba su ga ya yi yawa ba: ɗakin girki ɗaya, matakalar ƙofa, sarƙa guda, takalmin Don Arístides na ƙafar hagu, da gurbi ɗaya a jirgin ƙaguwa, wanda ya tashi ranar Litinin da ɗan wani a ciki.