Zumar Idrisu a Gindin Mangwaro

Idrisu mai zuma ya nuna wa Desmond wurin da ba nan yake zama ba, abin da ya ɓata lamarin ke nan.

Shekara goma sha tara Idrisu yana sayar da zuma a Inugu. Daga Kachia ake kawo masa ita a jarkoki, shi ya tace ya ɗura a kwalba, ya manna takarda mai sunansa. Ɗakinsa na can cikin unguwar Asata, sai ka bi lungu biyu ka tsallaka kwata. Ba ya gauraya zumarsa da komai, kowa ya san wannan. Amma ciniki ya ja baya, don mutane sun koma tambayar waya kafin su fita sayen komai.

Madam Eunice, mai yin kek da ta daɗe tana sayen zumarsa, ita ta haɗa shi da ƙanenta Desmond. 'Yan Zonkwa ne, Hausa a bakinsu. Aikin Desmond shi ne ya ɗaga shagon mutum a Google, in an nemi kaya sunanka ya fara fitowa. A waya ya yi wa Idrisu bayani. Ya ce za a buɗe masa shafi mara nauyi wanda zai buɗe da wuri ko a tsohuwar waya. Za a rubuta kalmomin da masu nema ke bugawa da kansu, ba waɗanda mai kaya yake so ba. Suna da lambar waya da adireshi su zama iri ɗaya a ko'ina. A sa hotuna na gaskiya, a roƙi masu saye su rubuta shaida. Sai kuma a dasa alama a taswira, daidai ƙofar shago.

Nan Idrisu ya tsaya. Baƙo a garin mutane ba ya nuna wa duniya inda yake ajiye kayansa, haka ya tarar manya na yi. Ran da gari ya yamutse, wanda aka san ƙofarsa shi ake fara nema. Kuma me ya sa wannan mutumin yake son ƙofar? Bai faɗi ko ɗaya ba. Ya ce wa Desmond ya zo ranar Talata, ya same shi a gindin mangwaron bakin titi.

A gindin mangwaron akwai teburin Abdurrahim, mai dabino da aya. Idrisu ya ari gefen teburin ya jera kwalabensa, ya zauna kan benci kamar nan ya kwana ya tashi. Desmond ya zo a keke napep, ya gaishe shi har da rusunawa, ya ɗauki hotuna, ya dasa alama.

"Baba Idi, nan ne wurin zamanka kullum?"

"Ka gan ni a wani wurin?"

Lissafin Idrisu shi ne, mai saye zai zo gindin mangwaro ya buga waya, shi kuma ya fito ya ga fuskar mutum tukuna.

Wata uku ya wuce. Desmond ya aiko da hoton allon waya, ya ce duk wanda ya nemi zuma mai kyau a Inugu, Zumar Idrisu ce ta farko. Amma wayar Idrisu shiru. Ya ce a ransa ai dama. Dillali ne kawai ya zo da kwamfuta, ya sa tasa lambar yana karkatar da masu saye. Ya sa matarsa Sa'a ta duba, ita ta fi shi karatu. Ta karanto lambar ɗaya bayan ɗaya, ta Idrisu ce. Bai gamsu ba. Ya ce mai yiwuwa abin da ke fitowa a wayarta daban, na wayar Inyamurai daban. Ya fara zargin Madam Eunice ma, ranar da ta zo saye ya auna mata yana kallonta ta gefen ido.

Kullum yana wuce gindin mangwaro in za shi masallaci. Ya ga Abdurrahim ya ƙara tebur, ya ga kwalaben zuma a kai. Ya tambaya, Abdurrahim ya ce wani ɗan'uwansa ne ya ba shi ya gwada. Idrisu ya wuce, hankalinsa na kan Desmond.

Ranar wata Asabar Desmond ya kira, murya a ɗaure. Ya ce yana gindin mangwaro, ina Baba Idi yake? Idrisu ya fito ya tarar da shi riƙe da kwalba daga teburin Abdurrahim, Desmond ya ɗiga zumar a kofin ruwa ta narke nan take. Dafaffen sukari ne. Abdurrahim na gefe yana gyara dabinon da ba ya buƙatar gyara.

Ashe mutanen yanzu ba sa kira. Taswira suke bi, su sauka daga keke, su ga tebur irin na hoto, su ce, "Na you be Idrisu honey?" Wato kai ne mai Zumar Idrisu? Sai Abdurrahim ya gyaɗa kai. Da aka matsa masa ya ce shi bai taɓa cewa sunansa Idrisu ba, kai kawai ya gyaɗa.

Desmond ya karanta wa Idrisu shaidun da aka rubuta a ƙarƙashin sunansa. Wata ta ce zumar ta daskare a kwana huɗu. Wani ya ce mahaifiyarsa mai ciwon sukari ya saya wa. Wani kalma biyu kawai ya rubuta, ɓarawon Aboki.

"Ka goge," in ji Idrisu.

"Ba ni da ikon gogewa, Baba. Na kai ka sama, kai ka zaɓi inda za a same ka."

Ya ce akwai gyara, amma mai tsawo. A mayar da alama ƙofar gaskiya, a ɗauki bidiyon ɗakin da jarkokin a tura wa Google don tabbatarwa, a amsa wa kowane mai ƙorafi a ce ya zo ya karɓi kwalba ta gaske. Cikin shekara sabbin shaidu za su danne tsofaffi.

Idrisu ya dube shi. Bidiyon ɗaki. Har da jarkoki. Ya tambayi Desmond ko dama tun farko nan aka nufa, kuma shi da Abdurrahim yaushe suka san juna. Desmond ya ajiye kwalbar a kan tebur, ya tari keke, bai ko yi sallama ba.

Aka rufe shafin bisa umarnin Idrisu, amma hotunan shaidun sun riga sun zaga rukunonin matan unguwa a waya. Madam Eunice ta koma saye a wani wurin, ba don zumar ba, sai don zargin da ya yi wa ƙanenta. Yanzu Idrisu jarka-jarka yake sayarwa ga wata mata a kasuwar Ogbete, ta ɗura a kwalabenta ta manna nata sunan. Zumar ita ce dai ta Kachia, ana yabonta sosai. Ragowar takardun da ke ɗauke da sunansa Sa'a ke hura gawayi da su.