Bargon da Lukuman Ya Maido

Ni na goyi Lukuman, don haka ba wanda zai gaya mini halinsa. Jikana ne, ɗan babban ɗana, tela a nan Anguwan Rogo. Kunya gare shi kamar sabuwar suruka, ga taurin kai irin na kakansa, Allah ya jiƙansa.

Shekarar da aka yi babban rikici a Jos, ya kai ɗinki Vom sai hanya ta rufe. Wani mai ba shi ɗinki, Gyang, ya ɓoye shi a ɗakin da yake ajiye dankali har ƙura ta lafa. A ɗakin nan ya yi wa Allah alkawari cewa in ya koma gida da ransa, duk shekara zai shiga i'itikafi a goman ƙarshe na azumi. Wato ya tare a masallaci dare da rana, ba shago, ba gida, ba kusantar iyali. Lokacin ba shi da mata, sharaɗin ƙarshen nan bai ci masa tuwo a ƙwarya ba.

Sai ga shi bayan 'yan shekaru an ɗaura masa aure da Ummusalma, 'yar Dilimi, ana saura kaɗan a ga watan azumi. Yarinya ce son kowa ƙin wanda ya rasa, ga hankali ga tsafta. Gwaggonninta sun koya mata cewa kayan miji, daga hula har safa, ba a miƙa masa sai an turara. Kullum za ta zuba turare a kasko, ta kifa kwando, ta shanya tufafinsa a kai. Gidanmu da a da yake warin daddawa ya koma ana tsayawa a zaure don a shaƙa. Shi kuwa gogan, da yake kaiwa isha'i a shago, sai ga shi yana lallaɓowa gida wai ya manta almakashi.

Da goman ƙarshe ta matso na ce masa, "Angona, bana dai Allah ya san kana da uzuri."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kaka, ranar da na yi alkawarin ban ce sai in ba ni da amarya ba."

Ya naɗe tabarmarsa, ya ɗauki Alƙur'ani ya tafi. Ummusalma ta raka shi zaure ta yi masa addu'a, ba ta nuna komai ba.

Wanda ya san Jos ya san sanyin asubarta, balle a kan simintin masallaci. Ummusalma ta ɗauko sabon bargon da ta zo da shi cikin kayan ɗaki, ta wuni tana turara shi, ta haɗa da kayan buɗa-baki ta ba Abdulfatah, abokin ɗinkinsa mai kai masa abinci a babur.

Washegari da hantsi Abdulfatah ya yi sallama, bargo a hannu an ninke shi tsaf. Yana sosa ƙeya ya ce, "Oga ya ce a dawo da shi. Wai kuma don Allah kada a sake aika masa da kaya daga ɗakin amarya."

A tsakar gida ya faɗa, matan gida duk suna ji. Ummusalma ta karɓa ta yi godiya ta shige ɗaki. Kafin azahar na leƙa na tarar ta fito da jaka, idanunta sun kumbura. Ta ce, "Kaka, wata ɗaya kacal har ya gaji da ni. Mutumin da ba ya son ko ƙyallena ya taɓa shi, zaman me nake yi masa? Gida zan je."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ta jira ni zuwa la'asar, na yafa mayafi na ɗauki sandata. A ƙofar masallaci na sa aka kira shi. Ya zo ya tsaya daga ciki, ƙafarsa ba ta ƙetare dokin ƙofa ba. Mura ta kama shi, hanci ja wur, yana rawar ɗari cikin 'yar rigar sanyi.

Na ce, "Kai, wane malamin ne ya koya maka ibada da wulaƙanta 'yar mutane? Ga ta can ta haɗa jaka."

Ya ɗago a firgice. Ya waiga ya ga ba kowa kusa, sannan ya rage murya. Da uwarsa ce ko gwaggonsa, da ya gwammace ƙasa ta tsage da ya faɗi abin da ya faɗa, amma tsakanin jika da kaka ba shamaki.

"Kaka, na rufa da bargon. Na buɗe Alƙur'ani, shafi ɗaya na kasa wucewa. Bakina yana karatu, zuciyata tana ɗakinta. Na tashi na yi alwala na dawo, ƙamshin yana nan. Sai da na tsinci kaina a bakin ƙofar nan da takalmi a hannu. Wallahi sanyi ya fi mini sauƙi."

Na zo da faɗa cike da baki, sai na rasa inda zan sa shi. Na ga maza da yawa masu tsoron Allah a inda ba abin da ke jan su. Wannan kuwa ana jansa da igiya mai kauri, ya dafe ƙofa ya ƙi sakewa. Ban taɓa jin girman yaron nan kamar ranar ba.

Ya ce, "Ki gaya mata haƙƙinta ma Allah ne ya ɗora mini. In ta ce in fito, yanzu zan fito, in rama daga baya. Maganar tana hannunta."

Na koma na faɗa mata yadda ya faɗa, ban rage ba, sai dai ɗan gishirin da tsohuwa ba ta rasawa. Sai ta ja gefen zane ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya. Na ce, "To, in aika ya fito?"

Ita ma ai ba dutse ba ce, na ga yadda ta daɗe tana kallon bargon nan. Sannan ta ce, "A'a, Kaka. Wanda ya maido mini shi daga Vom tun kafin in san shi, Shi ya riga ni. Ya zauna ya cika."

Ta miƙe ta shiga ɗakina ba ko neman izini, ta yaye tsohon bargona mai warin man zafi da hayaƙin murhu. Ta ce, "Wannan dai na tabbata ba zai hana shi karatu ba." Ja'ira! Shi ta aika masa, ni kuma na ƙarasa azumi da zannuwa biyu, ban yi ƙorafi ba.

Ranar da aka ga wata, bayan magariba, ya shigo da tsohon bargona a kafaɗa. Ƙamshi ya riga ya cika gidan har zaure, labulen ɗakinta a sake. Bai ko kalli wajen ba. Ya zo ya durƙusa gabana yana gaisuwa, ni kuwa don tsokana na yi ta ja, ina tambayar liman da ladan da lafiyar mura. Yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, kunnensa yana can.

Da na ga tausayinsa ya kama ni, na fizge bargona na ce, "Tashi ka tafi, angona. Allah ma ya sallame ka, balle ni."