Rigar da Aka Cire wa Tela

Shugaban ƙungiyar unguwarmu, mai shagon fenti, shi ya kashe Tela. Bai ɗauki wuƙa ba. Riga kawai ya cire masa, ina tsaye ina gani.

Safiyar gudun ce, wanda aka shirya don taimakon waɗanda ciwon mantuwa ya kama tun ba su tsufa ba. Tela maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Shekararsa arba'in da shida, amma har ya kai yana tambayar 'yarsa ko 'yar wane gida ce. Lokacin da ciwon ya fara, da sauran hankalinsa, ya hau kekensa na ɗinki ya ɗinka ƙyalle a ƙirjin kowace rigarsa, da sunansa da lambar wayar matarsa. Sau huɗu ƙyallen nan yana dawo da shi gida.

Shugaba ya iso da lasifika a wuya, riƙe da sabuwar riga irin ta 'yan gudu.

"A cire masa tsumman nan. Shi zai tsaya a gaba, masu hoto sun zo."

"Shugaba, a ɗora masa a kai mana," in ji matar Tela. "Lambata tana jikin wannan."

"Haba uwargida! Riga kan riga cikin zafin nan? So kike ki dafa mana shi? Ni da kaina zan riƙe hannunsa."

Ya cire wa Tela tsohuwar, ya sa masa sabuwar. Tela ya shafa kafaɗar sabuwar rigar. "Wa ya yi ɗinkin nan? Ba ya tsoron Allah."

Aka kwashe da dariya. Har da ni, ba zan yi ƙarya ba.

Aka busa usur. Kan Tela ne ya manta, ƙafarsa ba ta manta ba. A kwanar farko mai hoto ya ɗaga kyamara, Shugaba ya saki hannun don ya gyara hula. Mutum ɗari uku suka karya dama. Tela ya miƙe sak.

Kwana biyu muna nema. Mai gadin wani gidan mai ya ce ya ba shi ruwa.

"Na duba ƙirjinsa, ba komai sai lamba sha bakwai. Na ɗauka ɗan gudu ne ya gaji."

Rana ta uku muka same shi a cikin kwalbati, bayan inda ake buga bulo, takalmi ɗaya a ƙafa.

Da azahar Shugaba ya zo ta'aziyya. "Sai haƙuri. Kwana ne ya ƙare."

Matar ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki, ta fito da tsohuwar rigar, ta danƙa masa.

"Riƙe wannan, tunda hannu ya gagare ka."

Ya bar ta a kan tabarma ya fice. Ni na ɗauka, na kafa ƙusa a ƙofar shagonsa, na rataye ta.

Ƙungiya ta tsige shi a makon. Wata bakwai ke nan ba wanda ya taka shagon nan daga layinmu. Yana zaune shi kaɗai tsakanin gwangwanayen fenti, rigar tana lilo bisa kansa.